Hoton Mastura a Bakin Tekun Jidda

Warin ne ya fara tarar Mastura tun kafin ta ga ruwan. Ƙarni-ƙarni, gishiri-gishiri, kamar layin masu busasshen kifi a kasuwar garinsu. Da motar ta karya kwana kuwa, sai ta dafe ƙirji. Ruwa ne malale, babu gaɓar can. Ta ƙura ido tana neman inda ya ƙare, ta rasa, har kanta ya soma juyawa.

"Ba za mu daɗe ba fa, Dada," in ji Hamad, ɗan gidan da ta zauna, wanda zai kai ta filin jirgi. Hausarsa a karkace take, amma ana ganewa.

Ita ba buɗe ido ya kawo ta ba. Alkawari ta yi wa ɗanta Badaru a waya, cewa za ta zo masa da hotonta tsaye a bakin teku. Bai ce agogo ba, bai ce jallabiya ba, wannan kaɗai ya roƙa. In ta hau jirgin nan babu hoton, shi ke nan har abada, don an riga an ɗauki zanen yatsunta a ofishin takardu, an kuma gaya mata ba ita ba sake shigowa ƙasar.

Suka bi gefen ruwan a ƙafa suna neman mai hoto. Abin da idonta ya gani, sai dai a ce Allah mai iko. Mutane da hankalinsu sun shimfiɗa darduma, sun jera butocin shayi, sun zuba wa ruwa ido, ba wanki ba, ba kamun kifi ba. Can ciki wani ruwan ya miƙe tsaye, ya fi duk benayen garin tsawo. Ga wani ƙaton siminti da motoci a cake a jikinsa, wai ado ne. Ita dai tsoro ya ba ta.

Hamad ya tsaya sayen balila, dafaffen wake na Larabawa. Kafin ya buɗe baki ta riga ta ce wa mai sayarwar, cikin Larabci tar, kada ya saka masa yaji, cikinsa ba ya so.

Motar 'yan sanda ta gifta a hankali. Kan ka ce me, Mastura ta durƙusa bayan wata bishiyar dabino, don ta saba da ɓuya, ba ta da takardar zama a ƙasar.

"Halas, ya wuce, Dada," ya ce yana ɗaga ta. "Takardar fitarki na hannuna. Yau ba mai taɓa ki."

Rana ta yi ja, ta fara zamewa cikin ruwan. Mai hoto ko ɗaya ba a gani ba. Hamad sai duban agogo yake, ita kuma zuciyarta ta gama karaya. Da wane ido za ta dubi Badaru?

Har sun juya sai ga wani yana cusa kyamararsa a jaka. Ubale sunansa, Bahaushe haifaffen Jidda. Ya ce haske ya tafi, su dawo gobe. Mastura ta riƙe hannun jakar, ta ce ita ba ta da gobe a garin nan, ya dubi Allah. Ya dube ta, ya fito da kyamarar.

"Yalla, Hajiya, a yi murmushi."

Ta yi ƙoƙari, ya ƙi zuwa. Takardar hoton ta zaro kanta daga kyamarar, Ubale ya kaɗa ta a iska, a hankali hoton ya bayyana. Mastura ta daɗe tana kallon 'yar tsohuwar da ke tsaye a ciki, a takure, ruwa ya cika bayanta.

"Daga gani Hajiya baƙuwa ce," in ji Ubale yana dariya. "Duk wanda ya fara ganin bahar haka yake yi. Yaushe aka shigo Jidda?"

Hamad ne ya sunkuyar da kai, ya shafi furfurar gemunsa, sannan ya nuna wani dogon bango a tsallaken titi, wanda ko ƙofa babu ta wannan ɓangaren.

"Wancan ne gidanmu," ya ce. "Ita ta yi goyona a cikinsa."