Ɗan damben da ƙasa ta haɗiye

Ka tambaye ni wanne ya fi, Sadisu: mutum ya yi wa gem ɗin wasu kwaskwarima, ko ya ɗauki manhajar ƙera gem ya fara nasa daga tushe. Bari in ba ka misali.

Wasu mutum biyu ne a unguwa ɗaya. Na farko ya samu gem ɗin ƙwallo na wani kamfanin waje, ya buɗe cikinsa, ya sa wa 'yan wasan rigunan kulob ɗin unguwa, ya sa fuskar golansu har da giɓinsa, ya sa kalangu ya riƙa tashi in an ci. Mako biyu ya gama, kuma aikin ya yi kyau, kada a rage masa. Gidan gem ya cika, ana ta cewa shi ya ƙera. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, murmushi kawai yake yi. Na biyu kuwa wata takwas yana fama da manhajar ƙera gem, abin da ya samu wani ɗan mutum ne kamar kwalin ashana, mai tafiya ya bugi bango ya tsaya. In na farko ya zo wucewa sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, yaushe ne sunan jaririn?"

Ana nan sai Sarkin Dambe ya ji labari, ya zo da kansa wajen na farko, ya ce yana son gem ɗin dambe da za a nuna ranar wasan kaka. Kunya ta hana na farkon faɗin gaskiya, ya amsa. Ya koma gem ɗin ƙwallon, ya ɗaure wa 'yan wasa kara, wato zaren dambe, a hannu, amma duk abin da ya danna ƙwallo suke nema, don masu gem ɗin ba su taɓa koya musu naushi ba. Dole ya buɗe manhajar da yake wa dariya, ya tarar da fili fetal, ba ƙasa ba sama. A nan ya gane cewa nauyin jiki, da faɗuwa, da taurin ƙasa, duk na aro ne a wancan gem ɗin. Ya haɗa abin da ya iya. Ranar wasa aka kafa babban allo, makaɗa suka ɗauka, ɗan dambensa ya fito ya ja tunga, sai ya fara nutsewa a hankali: gwiwa, ƙugu, ƙirji, har sai da ya rage hannun kara kaɗai a sama. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona mutumin namu ke nan. Sarkin Dambe ya dube shi ya ce, "Ɗana, wancan na ƙwallon, wa ya yi masa ƙasa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Masu shi, ranka ya daɗe."

Washegari ya je ƙofar mai kwalin ashana ya yi sallama, ya tambayi yadda ake sa ƙasa ta yi tauri. Wancan bai tuna masa da maganar suna ba, ya jawo masa kujera.

Kwaskwarima sana'a ce, Sadisu, tana da sauri, tana kuma wasa ido. Sai dai ka san inda naka ya tsaya, ka faɗa tun kafin a tambaye ka a gaban jama'a. Hausawa suka ce, kayan aro ba ya rufe katara.