Karen da Baba Ya Kawo Daga Djougou

Ku yi haƙuri da rubutuna. Hausa a gida na koye ta, a lakwal, wato makarantar boko, Faransanci kawai ake ba mu, kuma a ɓoye nake wannan. Duk inda na karkace ku gyara da kanku. Labarin wata 'yar ajinmu ne zan ba ku.

Ranar da Malam Tahirou ya dawo Parakou daga Djougou, 'yarsa Lauratu ta ruga ta tarbe shi kamar kullum. Sai ta ja ta tsaya a bakin zaure. Kare ne ya shigo a gaba, baƙi, siriri, da igiya a wuya, Baba na biye.

"Innalillahi! Malam, kare a gidan da ake salla?" in ji Inna.

"Na gadi ne, Saadatou. Sunansa Duna."

Me za a sata a gidan? Ba wanda ya tambaya. Inna dai ta ware masa tsohon kwano, in ya kuskura ya lashi nata sai ta wanke sau bakwai tana mita.

Lauratu ita ce babba, ƙanenta ɗaya ne kuma yana goye. Da, Baba ne ke kai ta lakwal a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, yana kiranta "Madam likita" a gaban kowa har kunya ta kama ta. In an yi hutu ita ke zama gaban kamiyonsa, babbar motar kaya, har Djougou.

Yanzu duk ya canza. Ya bar wa Inoussa, tsohon yaron motarsa, kamiyon. Ya sayar da mobilet. Ya daina zuwa inda 'yan kwamitin unguwa ke karanta jarida suna kiran juna kamarad. Ya daina duba mata lissafi. Aikinsa ɗaya: da safe ya ɗauki igiya, shi da Duna su tafi masallaci, ya ɗaure shi a gindin mangwaro, daga nan tasha, daga nan kasuwa, su dawo. Gobe ma hanyar nan. Jibi ma ita. Yana tafe yana yi wa karen magana a hankali, irin muryar da yake yi wa Lauratu da.

Mutanen unguwar Ganou suka samu abin faɗi. A lakwal ma yara na ce mata, "Ina ƙanenki mai wutsiya?"

Ta yi sabon kitso, Baba bai tanka ba. Amma ƙaya ta soki Duna a ƙafa, ya zauna yana shafawa har ya zare ta.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ranar takardar sakamako. Ita ta zo ta ɗaya a ajinmu. Ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya ninke, ya sa aljihu, ya ce, "Madalla." Ko buɗewa bai yi ba. Sai ya gutsuri cukun wagasin da Inna ta soya masa, ya miƙa wa Duna.

Lauratu ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka har ta gaji.

Ranar Asabar da ta dawo daga noman gonar lakwal, ta tarar Baba na barcin rana. Ta kwance igiyar a hankali ta fita. Karen ma sai da ya ƙara ba ta haushi. Shi ke gaba. Duk kwalbatin da suka zo sai ya tsaya cak, sai ta tsallaka sannan ya ci gaba. A bakin titi ya ƙi motsi har motoci suka wuce.

"Ni za ka nuna wa hanya a garinmu?" Ta fizgi igiyar.

A tasha Inoussa na ɗaure kaya. Ta miƙa masa igiyar karen.

"Lauratu, maigida ne ya ce?"

"Shi ya ce. Ya gaji da maganar mutane. Ka ba duk wanda yake so."

Da Baba ya farka ya yi ta kira, Duna, Duna. Ta ce ita ba ta gan shi ba. Bayan kwana biyu Inoussa ya zo gaisuwa yana murna: "Maigida, na sauke maka nauyi. Wasu mafarauta na bai wa a bayan Onklou, sun shige daji da shi. Kamar yadda ka aiko yarinya."

Baba bai dake ta ba. Ko faɗa bai yi ba. Ya daɗe zaune, hannunsa a kan gwiwa.

Da la'asar ya ce, "Lauratu, zo ki raka ni masallaci." Ya dafa kafaɗarta tun daga zaure har ƙofar masallacin. Washegari ma haka, har kasuwa. Daɗi ya kama ta. Ta gaya mini da bakinta, tana dariya, wai babanta ya dawo mata.

Da wata Litinin ta zagayo, ta sa kakinta na lakwal, ta rataya jaka. Inna ta tare ta a tsakar gida, idonta jajir, ta zare jakar daga kafaɗarta, ta miƙa mata wata doguwar sanda. Baba na tsaye riƙe da ɗaya bakin sandar, yana kallon wajen da ba nan take tsaye ba.

Ya ce, "Likitan Djougou ya ce idon ba zai dawo ba. Kawunnanki tun lokacin suka ce in cire ki ki zama 'yar jagorata. Ni kuwa na ce in Duna ya iya hanya, ke sai ki gama karatunki."