Wanda Bai Kalli Sama Ba

Karo na uku ke nan da tsohon ya shimfiɗa wa matar hoton, faɗinsa ya kai bango guda. Shekara talatin yana buga hotunan tseren jiragen sama na garin Reno, hannunsa ya saba: a yanke 'yan kallo, a bar jirgi.

"Baiwar Allah, na gaji," ya ce. "Har ƙusoshin fiffike ana gani. Me ya rage?"

"Duka na ce ka buga. Mijina marigayi kake ta yankewa."

Ya ɗauko ƙaramin hoton da ta kawo, ya gyara tabarau. Can ƙasan hoton, cikin 'yan kallo, kowa ya ɗaga kai sama. Mutum ɗaya ne ya juya wa jirgin baya, yana yi wa mai ɗaukar hoton murmushi.