Hular Yayansa

Dayyabu, ka zo kana tambayata wa za ka bi a cikin masu koya maka bugun kusa da rami a wasan golf, tunda kowa da abin da yake faɗa maka. Ni ba zan zaɓa maka ba. Zauna dai ka ji labarin wani mutum da muka yi zamani da shi a filin golf ɗin nan.

Mutumin nan yayansa ne ya koya masa wasa, yayan kuwa ba mai yawan magana ba ne. In ƙwallo ta tsaya gab da shimfiɗar ciyawar da ramin yake, sai ya cire hularsa, ya taka ya ajiye ta a inda yake so ƙwallon ta sauka, ya dawo ya ce, "Jefa ta a hula." Iyakar karatun ke nan. Ƙanen ba ya tunanin ƙafa, ba ya tunanin wuyan hannu. Hula yake kallo, sanda ta tafi ta dawo, ƙwallo ta faɗi kusa da hular ta gangara abinta zuwa rami. Da Allah ya yi wa yayan rasuwa, 'yan kulob suka sa kofi da sunansa, ana bugawa duk shekara. Ƙanen ya ci alwashin sai ya kai kofin nan gidan marigayin, 'ya'yansa su gan shi a ɗakin ubansu. To, tun ranar da ya sa wannan a ransa sai ya fara ganin abin da ya iya bai isa ba. Ya je wurin wani gwani, gwanin ya ce ɗaga ƙwallo ake yi: a ɗauki sanda mai kwantaccen baki, a saki hannu, ƙwallo ta tashi sama ta sauko ta zauna. Ya gwada, ya ga gaskiya ne. Ya je wurin wani, wannan ya ce ɗagawa ai neman suna ne: a matsar da ƙwallo wajen ƙafar dama, nauyi a kan ta hagu, wuyan hannu a ƙame, ta tafi ƙasa-ƙasa tana gudu. Ya gwada, ya ga wannan ma gaskiya ne. Nan fa kansa ya ɗaure. Da ɗayansu ƙarya ya yi masa, da ya huta. Da safe shi almuridin wannan ne, da yamma na wancan. Ka kuma san filin golf ba a rasa malami, wanda bai taɓa cin ko cokali ba ma yana da fatawa, shi kuwa kowa ya yi magana sai ya tsaya ya saurara. Aka wayi gari mutumin da ke jefa ƙwallo a hula yana hira, yanzu in ya tsaya a kanta sai ka ga leɓensa na motsi kamar mai tilawa, yana ƙoƙarin tuna wace ƙafa ce ke ɗaukar nauyi.

Ranar gasa ta zo. Matar marigayin ta aiko masa da hular, ya sa a kansa. Bugun nesa bai ba shi kunya ba, har aka zo ramin ƙarshe suna kunnen doki da wani. Ƙwallonsa ta tsaya a bakin wani siririn lambatu mai ruwa, tsallakensa ga ciyawa, ga tutar ramin tana kaɗawa. Bugu ne da yake yi a da ko bai karya kumallo ba, kuma ko ɗagawa ko gangarawa, kowanne zai tsallake da ita. A gasa ba a ajiye hula a ƙasa, gaskiya ne, amma ba wanda ya hana ido ya ajiye ta. Shi bai ko dubi inda ƙwallon za ta sauka ba. Ya zaro sanda ya mayar, ya zaro wata ya mayar, ya sake ɗaukar ta farko. Ya tsaya da tsayuwar gwani na biyu, riƙe da sandar gwani na farko. Ya ɗaga da niyyar tashin sama, yana saukowa zuciya ta ce masa gangarawa ta fi, hannu ya ja burki a hanya. Sanda ta caki ƙasa. Ɓamɓaren ƙasa ya tashi ya tsallake lambatun lafiya lau, ƙwallo ta yi ɗan tsalle ta faɗa ruwa. Kofi ya tafi wani gida. Bayan an watse na same shi zaune a gindin darbejiya, ya cire hular zai share gumi, sai ya tsaya yana kallonta, ya daɗe. Ya ce da ni, "Wallahi ban san wanne na buga ba." Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma har yau in na tuna abin yana ɗaure mini kai: mutum ya zaga fili kaf yana neman karatu, karatun kuwa yana kansa.

Saboda haka, Dayyabu, malamanka duka suna da gaskiya. Ɗauki ɗaya, ko wanne ne, ka buga shi har hannunka ya daina tambayarka. In ka zo kan ƙwallo ka gama shawara tun kafin ka tsaya, ka zaɓi inda za ta sauka, ka zuba wa wurin ido. Hausawa sun riga sun faɗa: taura biyu ba ta taunuwa.