Alƙalin Gasar Hajiya Yagana

Ƙarfe takwas na safe Hajiya Yagana ta tattara wayoyin ma'aikatanta a kwando, ta kulle ƙofar ofis. Kamfaninta na manhajar waya a Sabon Layi ya girma. Ta raba yaran gida huɗu, kowane gida ya haɗa manhajar cinikin shanu kafin la'asar. Gidan da ya zo ƙarshe, ta ce, babu shi a sabon aiki.

Kalibu, ɗaya daga cikin yaran, ya san sallama ke nan. Ga matarsa da ciki wata tara.

A kusurwa alƙalin gasa na zaune. Tsoho ne kyakkyawa, irinsa ba biyu a Mubi. Babbar riga, baƙin tabarau, littafi da biro, takalmi duk taɓo. Hajiya ba ta faɗi sunansa ba. Vandi, abokin aikin Kalibu, ya rantse daga Abuja aka turo shi, wai kamfani uku ya rufe da biron nan.

Tsohon ya zagayo bayan Kalibu, ya leƙa kwamfuta, ya yi tsaki, ya karta wani abu a littafi. Sau uku Kalibu yana zuwa bayan gida.

Aka kira la'asar, gidan su Kalibu da Vandi ko harafi ɗaya ba su sa a manhajar ba. Hotunan shanu ne kawai, sai muryar Margret, ta ukunsu, tana faɗin farashi da Hausa da Fulatanci.

Sauran gida uku suka miƙa nasu a wayar gwaji, cike da Turanci. Tsohon ya juya waya sama, ya juya ƙasa, ya ajiye. Kalibu ya miƙa tasu, gumi har wuya.

"Baba, a yi haƙuri, ba mu gama ba."

Tsohon ya danna jan bijimi. Margret ta yi magana daga cikin waya. Ya danna farar saniya, ya sake dannawa. Sai ya cire tabarau.

"Hajiya, wannan ce waya. Sauran a ba jikoki su yi wasa."

Kalibu ya zame ƙasa, ya suma. Da ya farfaɗo ya leƙa littafin da ya hana shi sakat tun safe. Zanen ƙaho ne shafi shida.

To me kuke so in rubuta? Ai ni ne tsohon, Bobboi dillali, da Hajiya ta ɗauko daga tike, kasuwar shanu; ko sunana ban iya rubutawa ba.