Jar Fitila a Motar Zayyanu

Ranar Juma'a da yamma Zayyanu ya murɗa makulli, jar fitilar nan ta sake kamawa a gaban sitiyari. Hoton mutum ne zaune, da wani abu kamar ƙwallo a ƙirjinsa.

Motar ja ce, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa da ita. Ta tsufa a Turai kafin ya sayo ta a Kwatano, amma har yanzu in ta yi gurnani sai awakin Bagudo su watse. Zayyanu na cikin waɗanda aka ɗauka aiki a Birnin Kabi lokacin da aka ƙirƙiro jihar. Motar haya yake bi ranar Litinin, ya dawo Juma'a. Tasa kuwa yana barin ta gida ƙarƙashin rumfa, makullin a ɗakin Goggo, mahaifiyarsa, inda ba mai shiga ba da sallama ba.

Ya nufi garejin Matthias, mai gyaran wayar mota, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma ta Kabawa.

"Ta jakar iska ce, mai kare direba," in ji Matthias. "In fitilar ga na kunne, ko an yi karo jakar ba ta buɗewa."

A makon farko ya cire kan batir, ya duba fiyus, ya buɗe sitiyari ya bi wayoyin. Fitila ta mutu. Juma'a ta zagayo, ta dawo. A mako na biyu ya canza wata waya, nan ma haka. Zayyanu ya fara cewa a majalisa hannun Matthias ya tsufa, maganar kuma ta kai kunnen Matthias.

A karo na gaba Matthias ya buɗe ƙofar motar. Ya kwanta ya cusa kai ƙarƙashin kujerar direba, ya fito da murmushi.

"Ga ɓarawon, Malam Zayyanu. Akwai soket a nan. In aka jawo kujera gaba sosai, sai wayar ta miƙe, soket ya saki. Ko an mai da kujera baya, ya riga ya saki."

"Ni ban taɓa jan kujerar ga ba. Dubi ƙafafuna."

Matthias ya dubi dogayen ƙafafun, ya dubi sama, ya ce shi dai waya ya sani.

A hanyar gida Zayyanu ya yi ta juya maganar. Matarsa Bashira doguwa ce, kuma ko keke ba ta hawa. Ma'aunin tafiya ya mutu tun kafin ya sayi motar, ba abin da zai gaya masa. Man fetur kuwa bai taɓa raguwa ba, wani lokaci ma sai ya ga kamar ya ƙaru. Ke nan mai yin abin yana da wayo, kuma gajere ne.

Gajere ɗaya ne a gidan mai lasin: ƙanensa Lauwali, malamin makaranta a Kende.

Ya same shi a tsakar gida yana shan garin rogon Benin, irin wanda ba ya yankewa a ɗakin Goggo. Ya faɗa masa magana mai zafi. Lauwali ya buɗe baki, ya kalli ƙofar ɗakin uwarsu, ya rufe bakin. Ya ajiye kwanon, ya hau babur ɗinsa ya koma Kende, bai ko kwana ba.

"Ka yi gaggawa," Goggo ta ce daga kan tabarmarta, tana jan carbi. "Babanku ya yi shekara talatin yana jan akori-kura, ban taɓa jin ya yi faɗa da ɗan'uwansa kan ƙarfe ba."

Washegari Matthias ya ƙara wa wayar tsawo, ya ɗaure soket ɗin tamau. "Yanzu kowa ya ja kujera yadda ya so," ya ce. Zayyanu ya amsa da cewa ba mai sake ja, don daga yau makulli a aljihunsa zai zauna.

Fitila ba ta ƙara kamawa ba. Sai dai Lauwali ya daina zuwa gida, Goggo kuma ta rage fara'a, garin rogo ya ƙare.

Ana cikin haka aka aiko daga Segbana, cikin Benin, cewa ƙanwarsu Saratu ta haihu. Zayyanu ya ce shi zai kai Goggo suna da kansa, a dawowa kuma su biya Kende ya ba Lauwali haƙuri. Goggo ta ce ya kyauta. Ta shiga gefen mai zaman banza, 'yar ƙarama cikin babban gyale, ta ɗaura bel tun kafin ya nuna mata.

Hanyar Tsamiya duk ramuka ce. Kowane kwana suka zo sai ya ga ƙafarta ta danna ƙasan mota. Tausayinta ya kama shi, ya rage gudu.

"Kar ki ji tsoro, Goggo."

"Ka riƙe hagu," ta ce. "Akwai rami bayan gadar ga."

A kan iyaka wani jami'i mai furfura ya hango jar motar, ya ɗaga sanda tun daga nesa yana dariya. Ya zo tagar direba da gaisuwa a bakinsa, sai ya yi turus da ya ga Zayyanu. Ya sunkuya ya leƙa ciki.

"Af, Goggo, lafiya dai ko? Yau kin ba yaro tuƙi?"