Baƙon da Ke Zuwa Bayan La'asar

Ikilima ta dangwarar da tiren shayi har ya fantsama, amma baƙon bai ko ɗago kai ba. Ya riga ya shiga labarinsa.

Sunansa Abdulazeez, dattijo Ba'amurke da ya zo ziyara Madina. A masallacin Ƙuba ya ji an ce Malam Hamid tela na unguwar Ƙurban, mahaifin Ikilima, yana kwance, shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Ya ce zai zo dubiya, sai dubiya ta zama ta kullum.

Da addu'a yake yi, da ba ta damu ba. Labarin besbol yake bayarwa, wasan nan na ƙasarsu da wani ke jefa ƙwallo wani ya tare ta da sanda. Kuma da Turanci! Ita ce kaɗai ke jin sa a gidan, saboda aikinta a kantin magani.

Kullum wasa ɗaya ne, na shekarar 1954, lokacin da jifa ce sana'arsa. Shi da wani majefi suka kafe wa juna. Aka yi zagaye bayan zagaye babu wanda ya ci, 'yan kallo har sun daina ihu. A zagayen ƙarshe, in ji shi, hannun wancan ya mutu.

"Na ci shi ɗaya mai ban haushi," yake cewa yana buga cinya. "Matsoraci! Ya yi kuka, ya gudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba."

Duk sanda ya kawo nan, sai leɓen Malam Hamid ya kama rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ikilima ta san dalili. Mutumin da ya zo aikin hajji tun yana saurayi ya ƙi komawa, wanda ko sunan garinsu ba ya son a tambaye shi, wanda Hausa ma a bakin mahaifiyarta ya koya, bai san komai ba sai keken ɗinki da masallaci. Yau an tsare shi da surutun da ba ya ji, a lokacin lazimi, ba shi da bakin cewa a tashi.

Ranar da ta auna jinin mahaifinta ta ga ya hau, ta shiga ɗakin ta nufi baƙon.

"Khalas, ya ammi!" ta ce da Larabci, wato ya isa haka, baffa. Ta koma Turanci don ya ji da kyau. "Ba ka tsoron Allah? Mara lafiya ka samu kana yi wa alfahari? Tashi ka fita."

Abdulazeez bai motsa ba. Idonsa na kan gadon, ya ciko da ƙwalla, amma sai ya ƙara ɗaga murya.

"Matsoraci, na ce! Ko jifa bai iya ba!"

Ta kama hannun rigarsa za ta ja shi. Sai gadon ya yi ƙara. Mahaifinta ya dafa katifa da hannunsa mai lafiya, ya ɗago, fuskarsa ta murtuke. Ya buɗe baki, kuma da Turancin da ba ta taɓa ji a bakinsa ba ya ce:

"Maƙaryaci. Ni na ci ka ranar nan."